Tarihin Cikar Filayen Wasa a Jami'o'in Amurka: Tsakanin Shikago da Nebraska

A yawancin ƙasashen duniya wasannin jami'a harka ce ta ɗalibai da malamansu, in an tashi kowa ya kama gabansa. A Amurka kuwa abin ya wuce nan, domin akwai jami'o'in da kan tara mutum 100,000 ranar Asabar don kallon 'yan makaranta suna ƙwallo. Mai karatu zai so ya san yadda aka yi haka ta faru, da kuma abin da jami'a kan biya kafin ta riƙe irin wannan taro. Za mu ɗauko zancen daga tushe, sa'an nan mu tsaya a kan jami'o'i biyu da suka bi hanyoyi daban-daban, watau Shikago da Nebraska.

Kafin mu yi nisa, ya kamata a san cewa ƙwallon da ake magana ba irin tamu ba ce. Tasu mai siffar ƙwai ce, da hannu ake sungumarta a sheƙa da gudu, abokan karawa su bi mutum su kayar. Ta fi kama da zari-ruga.

Asalin al'amarin

Ranar 6 ga Nuwamba, 1869, aka yi karawar farko tsakanin makarantu biyu, Rutgers da Princeton, a jihar New Jersey. Kowane ɓangare 'yan wasa 25 ne, Rutgers ta ci 6 da 4, 'yan kallo kuwa kimanin 100. Kafin a cika shekara 50 sai ga abin ya bunƙasa. A 1903 Harvard ta gina filin wasa na kankare, a 1914 Yale ta gina nata mai cin mutum wajen 70,000, Mishigan kuma ta buɗe nata a 1927, wanda daga baya aka yi ta faɗaɗawa har ya kai ga ɗaukar mutum 107,601.

Dalilan wannan bunƙasa suna da yawa. Na farko, jami'o'i ne suka riga kowa, don sai a 1920 aka kafa babbar ƙungiyar 'yan ƙwallon sana'a. Na biyu, tsofaffin ɗalibai sun ɗauki wasan tamkar zumunci. Daga wajen 1910 jami'o'i irin su Illinois da Missouri suka fara ware rana guda a shekara, tsofaffin ɗalibai su dawo gida, a yi kaɗe-kaɗe da jerin gwano, a rufe da ƙwallo. Na uku, jirgin ƙasa da mota da rediyo sun jawo mutanen da ko ƙofar aji ba su taɓa takawa ba. Shugabannin jami'o'i kuma suka lura cewa kuɗin ƙofa na gina filaye, suna kuma na jawo ɗalibai da gudummawar attajirai.

Amma fa ba a sami wannan a banza ba. A 1905 kaɗai jaridu sun ba da labarin mutuwar 'yan wasa aƙalla 18, kuma a cikin wannan shekara ne Shugaba Theodore Roosevelt ya kira wakilan Harvard da Yale da Princeton fadarsa ya ja musu kunne. A 1906 aka kafa hukumar da ta zama NCAA a 1910. A 1929 kuma Gidauniyar Carnegie ta fitar da rahoto wanda ya nuna jami'o'i da dama suna farautar 'yan wasa suna ba su kuɗi a ɓoye. Hausawa dai sun ce kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Jami'ar da ta karɓi kuɗin 'yan kallo, tilas ta nemo musu nasara.

Hanyar Shikago

An buɗe Jami'ar Shikago a 1892 da dukiyar attajirin nan Rockefeller. Shugabanta na farko, William Rainey Harper, ya so sabuwar makarantar ta yi suna da wuri, saboda haka ya ɗauko Amos Alonzo Stagg ya ba shi horar da 'yan wasa tare da matsayin malami. Stagg ya shekara 41 a kan wannan aiki. Shikago na cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar jami'o'in da aka sani da Big Ten a 1896, ta kuma ci gasarta har sau 7, na ƙarshe a 1924.

Daga nan sai ruwa ya fara ƙare wa ɗan kada. Jami'o'in jihohi masu ɗimbin ɗalibai suka sha gabanta, ita kuwa sai ƙara tsaurara sharuɗɗan karatu take yi, musamman bayan Robert Maynard Hutchins ya zama shugaba a 1929, yana ɗan shekara 30. Mutanen birni kuma suna da zaɓi, ga 'yan sana'a na Chicago Bears, ga Northwestern a maƙwabta, ga Notre Dame ba nisa. Da nasara ta yi ƙaura, sai 'yan kallo suka bi ta. A 1939 Harvard ta lallasa Shikago 61 da nema, Mishigan kuma 85 da nema. Ya zama ko dai jami'ar ta shiga cinikin 'yan wasa kamar saura, ko ta haƙura. A watan Disamba na wannan shekara ta soke ƙwallon baki ɗaya, a 1946 kuma ta fice daga Big Ten.

Abin mamaki, filin da aka yi wa ƙaura bai fita daga tarihi ba. A ƙarƙashin matakalan zaman 'yan kallo ne Enrico Fermi da abokan aikinsa suka tayar da murhun nukiliya na farko a duniya, ranar 2 ga Disamba, 1942.

Hanyar Nebraska

Nebraska jiha ce ta manoma da makiyaya, mutanenta wajen miliyan 2, kuma ba ta da wata babbar ƙungiyar 'yan sana'a. Sunan 'yan wasan jami'ar ma, Cornhuskers, ma'anarsa masu ɓare masara. Ranar wasa manomi zai sa jajayen tufafi, ya yi tafiyar awoyi da iyalinsa zuwa garin Lincoln, har akan ce filin yakan zama gari na uku a yawan jama'a a duk jihar, bayan Omaha da Lincoln ɗin kanta.

Ranar 3 ga Nuwamba, 1962, a shekarar farko ta mai horarwa Bob Devaney, aka sayar da tikiti kaf a karawa da Missouri. Daga ran nan aka ci gaba da sayar da su kaf a kowane wasan gida, har lissafin ya kai 400 a 2024, ban da 2020 da annobar korona ta hana taro. A tsakani sun zama zakarun ƙasa a 1970, 1971, 1994, 1995 da 1997. Tom Osborne, wanda ya kawo uku na ƙarshe, jama'a sun zaɓe shi ɗan majalisar tarayya a 2000.

To, gwajin so ba ya zuwa sai ranar wuya. Daga 2017 zuwa 2023, shekara 7 a jere, wasannin da Nebraska ta sha kashi sun fi waɗanda ta ci, amma lissafin bai yanke ba. A nan ne bambancinta da Shikago ya fito fili. Mutanen Nebraska ƙungiyar ce tutar jiharsu, kujerar da kaka ya zauna a kai ita jika ke nema, ba kuwa a sauya gida don an ga yoyo. Shaidar haka ta ƙara bayyana ranar 30 ga Agusta, 2023, sa'ad da mutum 92,003 suka cika wannan fili don kallon 'yan matan jami'ar suna ƙwallon raga.

Duk da haka, a yi hattara da alƙaluma. Tikitin da aka sayar ake ƙirgawa, ba mutanen da suka zauna ba. A 2021, da aka ga tikiti zai yi kwantai a karawa da Fordham, sai waɗansu masu hannu da shuni suka saye ragowar aka raba wa yara marasa galihu. Daɗin daɗawa, riƙe wannan jama'a na da tsada. A 2022, da aka sallami mai horarwa Scott Frost saboda yawan faɗuwa, sai da aka biya shi kimanin dala miliyan 15.

Kammalawa

Tun daga 1984, lokacin da Kotun Ƙolin Amurka ta ƙwace wa NCAA ikon sayar da wasannin ga gidajen talabijin ita kaɗai, kuɗin talabijin ya shiga juya al'amura. Yana cikin abin da ya ja Nebraska ta bar tsofaffin abokan hamayyarta a 2011 ta shiga Big Ten, watau ƙungiyar da Shikago ta taya kafawa ta kuma bari. A 2025 wata kotu ta amince jami'o'i su riƙa biyan 'yan wasansu kai tsaye, abin da rahoton Carnegie ya kira abin kunya a 1929.

Shikago ta dawo da ƙwallo a 1969, amma a ƙaramin rukuni inda ba a ɗaukar nauyin karatun kowa don wasa. Wurin tsohon filinta kuwa, a 1970 aka buɗe babban ɗakin karatu na Regenstein a kansa. Kowace cikin biyun ta sami abin da ta nema, ta kuma biya farashinsa. Ya rage ga ɗalibi da malami su auna wanne ne ya fi dacewa da sunan jami'a.