Rundunar Sojan Iyaka da Baƙinta Mutanen Folan

Asalin rundunar nan da kakanninmu suka sani da sojan Nasara yana komawa ne ga shekarar 1897, lokacin da hukumar Ingila ta ɗora wa Lugga alhakin tara mayaƙa domin tsare mata iyaka daga kwaɗayin Faransa, shi kuwa ya cika sahunta da Hausawa da Yarabawa, har Hausa ta zama harshen bariki. Rundunar ce ta tsaya a filin Giginya na Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903, da igwa da bindiga mai ruwa, mayaƙan Sarkin Musulmi suka watse cikin ɗan lokaci, Sarkin Musulmi Attahiru ya ɗauki hanyar hijira zuwa gabas, Waziri Buhari kuma ya janye da jama'a zuwa Marnona ta ƙasar Wurno kafin ya komo a yi sulhu.

Bayan haka al'amarin rundunar ya yi ta bunƙasa sannu a hankali, aka kafa mata wurin horon kurata a Zariya. Amma babbar bunƙasa sai a Yaƙin Hitila, domin da Faransa ta faɗi a 1940, hukumar Nijar ta bi gwamnatin Faransa ta Bishi mai ɗasawa da Jamus, sai ga iyakar da mutanen Goronyo da Rabah suka saba ƙetarawa da jakuna zuwa kasuwannin Ƙonni ta zama abar tsoro. Aka shiga ɗaukar soja ta hannun sarakuna da hakimai, bataliyoyi suka ninka, hafsoshi kuwa suka yi ƙaranci ƙwarai.

A nan ne ƙaddara ta kawo abin mamaki. Ƙasar Folan, wadda Jamus da Rasha suka raba tsakaninsu a 1939, tana da hafsoshi masu gudun hijira jibge a Sikotilan, ga ilimin yaƙi amma babu dakarun da za su jagoranta; sai Churchill na Ingila da Janar Sikorski na Folan suka daidaita a 1941, aka turo fiye da 200 daga cikinsu Afirka ta Yamma, ƙarƙashin Janar Giffard, kwamandan sojan Ingila a yankin. Mutanen da aka ƙwace wa ƙasa jiya, su ne ke ba da oda ga jikokin waɗanda aka ci da yaƙi shekaranjiya, kuma galibinsu Ingilishinsu bai nuna ba, balle Hausa, don haka nauyin fahimtar juna ya faɗa wuyan saje da samanja.

Aikin igwa shi ne mafi wahala, domin ba mota ke jan ta ba: kwance ta ake yi gunduwa-gunduwa, ƙarti su ɗora bututu da ƙafafu a ka, in an isa tudu a harhaɗa cikin gaggawa, a saita, a harba, a sake kwancewa. Da wannan horo runduna ta 81 da ta 82, waɗanda aka kafa daga dakarun Rundunar Sojan Iyaka a 1943, suka shiga dazuzzukan Bama, kuma kaɗan ne daga mutanen Folan suka bi su can, yawancinsu sun riga sun koma ga sojan ƙasarsu. A 1960 aka rushe Rundunar Sojan Iyaka, ɓangarenta na Nijeriya ya zama sojan ƙasar.