Ƙosai a Kan Hanyar Gwanja

Garin Gene yana kudu da Malanbil, a ƙasar Dandi, arewacin Jamhuriyar Benin. A ƙarni na 19, ayarin fataken goro daga Kano da Sakkwato kan ratsa wannan yanki zuwa Gwanja. A zangunan da suka kafa, mata kan surfe wake, su markaɗa da albasa da barkono, su buga ƙullun, su soya ƙosai.

Sunan ma ya bi ayari, domin a Gana har yau “koose” ake cewa. Yarbawa kuwa “akara” suke kiransa, sunan da bayi suka ƙetara teku da shi zuwa Barazil, ya koma “acarajé”. Ke nan sunan ƙosai a Gana da Barazil yana nuna hanyar da ya biyo, ta fatauci ko ta bauta.