Shayin Sanyi Mai Kayan Ƙamshi: Yadda Ake Haɗa Shi Da Ajiye Shi A Zafin Kudu

Duk wanda ya zauna a Agege, ko Sabon Ibadan, ko Ama Hausa ta Owerri ya san zafin nan daban yake da na gida. A Arewa iska busasshiya ce, gumi na fita yana bushewa. A nan kuwa daga Fabrairu zuwa Afrilu iskar cike take da danshi, gumi ya lafe a jiki, kofin shayi mai tururi ya gagari mutum da rana. Shi ya sa nake ganin shayin sanyi ya dace da mu, a gida ko a teburin mai shayi. Sai dai zafin da ke sa a neme shi, shi ne kuma ke saurin lalata shi, don haka zan kawo haɗin da kuma yadda ake kiyaye shi.

Kayan haɗi na lita 2

Ruwa mai tsabta lita 2, Lipton ko Highland na Mambila guda 6, ɗanyar citta kamar girman babban yatsa biyu, kanumfari 8, kirfa sanda 1, kimba 1, masoro 5, sai sukari ko mazarƙwaila ko zuma. Mai so ya ƙara na'a-na'a ko ganyen tsauri, wanda Yarabawa ke kira ewe tii. Duk ana samun su wajen masu kayan yaji a Mile 12 ko kasuwar Bodija.

Yadda ake dafawa

A daddaka citta da masoro, a fasa kimba a zubar da 'ya'yan cikinta don suna da ɗaci. A zuba kayan ƙamshin a ruwa, su yi minti 10 zuwa 15 suna tafasa. Sannan a sauke tukunya, a saka ganyen shayi, a rufe minti 4 ko 5, a tsame. Nan ne da yawa ke ɓata abin: in aka tafasa ganyen tare da citta, ko aka bar shi ya daɗe, sai ya saki bauri, kuma in ya huce baurin ya fi fitowa.

Sukari tun da zafi ake sa shi, domin ba ya narkewa sosai a ruwan sanyi. Sanyi kuma yana rage zaƙi da ƙamshi a baki, ga ƙanƙara za ta narke ta tsinka shi. Saboda haka ni nakan ce a dafa shi ya ɗan fi wanda ake sha da zafi ƙarfi. A tace, a dasa tukunyar cikin roba mai ruwan sanyi ta huce da wuri, sai firij.

Iri uku daga tukunya ɗaya

Na lemo: a matse lemun tsami 2 bayan ya huce. Mai son tsamin gida ya jiƙa tsamiya ya tace ya zuba a madadinsa.

Na madara: a dama madarar gari da ruwan da aka tafasa, ko a zuba ta gwangwani. Kada a haɗa madara da lemo ko tsamiya, nan take za ta tsinke.

Na zoɓo: a jefa zoɓo cikin tafin hannu guda tare da kayan ƙamshi, a rage ganyen shayi zuwa 3. Ɓawon abarba da aka wanke sosai yana ƙara masa ƙamshi, abarba kuwa ba ta wuya a Kudu.

Ƙanƙarar shayi

Wannan ta yara ce da masu ƙaramar sana'a. A ƙara zaƙi kaɗan, a ƙulla a farar leda ko a zuba a ƙananan kofuna, a sa a firiza ta kwana. Ana iya yanka kankana ko mangwaro ƙanana a jefa ciki. Ga yara ƙanana, gara a yi musu da zoɓo ko tsauri zalla, tunda ganyen shayi yana da sinadarin da ke hana barci.

Ajiya, inda haɗarin yake

Ƙwayoyin cuta sun fi yaɗuwa a abinci tsakanin digiri 5 da 60 na ma'aunin zafi, mu kuwa kullum a tsakiyar nan muke. Shayin madara kada ya wuce awa 2 a waje, in rana ta yi tsanani awa 1. A firij mai aiki, wanda ba madara zai kai kwana 2 zuwa 3, na madara a shanye shi a ranar. In NEPA ta ɗauke wuta, ƙanƙarar madara ta narke har ta ɗumama, a zubar, kada a mayar ta sake daskarewa. Asarar lita 2 ba ta kai kuɗin asibiti ba.

Sai batun ruwa. Daskarewa ba ta kashe ƙwayoyin kwalara da taifot, don haka ƙanƙarar bulo da ake saya a kasuwa a sa ta a kula a jikin robobi, kada a fasa ta cikin abin sha. A watan Yunin 2024, da kwalara ta ɓarke a Legas, jami'an lafiya na jihar sun ce wasu daga cikin waɗanda suka kamu sun sha wani kunun aya marar rajista. Sana'ar abin sha mai sanyi tana ciyar da gidaje da yawa a unguwanninmu, kuma kuskuren mutum ɗaya kan shafa wa kowa baƙin jini. Masu sayarwa, ku tafasa ruwa, ku yi amfani da sababbin robobi, ku daina na tsintuwa.

Abu na ƙarshe, shayi yana rage wa jiki cin moriyar sinadarin ƙarfe da ke cikin abinci. Mai ciki da mai ƙarancin jini su bari sai an yi kamar awa guda da cin abinci kafin su sha. Allah Ya ba mu lafiya, Ya sa albarka a sana'a.