Tsarin Wuta a Windows: Yadda Ya Ɓuya da Yadda Muke Tono Shi

A sana'armu ta gyaran kwamfuta, daga Gaya zuwa Ajingi har ka dangana da Gafasa, mai kaya ba ya fara tambayar gudun na'ura. Tambayarsa ta farko ita ce, "Malam, awa nawa take riƙe caji?" Shi ya sa shafin tsarin wuta, wanda mai lantarki dare da rana ba ya ko leƙawa, ya zama inda hannunmu ya fi sabawa.

Zamanin Windows XP, wadda ta fito a 2001, tsare-tsaren guda shida ne, amma ba su dame mu ba. Manyan kwamfutocin tebur masu allo mai ƙeya ne a shagunan buga takardu, Nepa na ɗauke wuta komai ya mutu, sai a ja janareta. Vista ce a 2007 ta taƙaita su zuwa uku: Balanced na tsaka-tsaki, Power saver na tattali, High performance na sakin linzami. Windows 7 ta gaje su a 2009, daidai lokacin da laftof na gwanjo, HP da Dell, suka fara yawa a hannun malamai da ɗalibai. A nan sana'ar ta yi daɗi.

Ga misali. Batirin da ya tsufa maƙaryaci ne: yana nuna kashi talatin, kafin ka ƙifta ido ya faɗi sifili, takardar da ake bugawa ta tafi. Sai mu shiga saitin ciki mu ɗaga iyakar da na'ura za ta kwashe aikinta ta zuba a faifai kafin ta mutu, mu kai ta sama da inda batirin ke yin ƙarya. Mu rage wa furosesa ƙarfi zuwa kashi saba'in, saboda zafin watan Afrilu da ƙurar da ta toshe fanka. Ba a canza ko ƙusa ɗaya ba, mai kaya ya tafi yana sa albarka.

Daga 2012 abin ya fara sauyawa. Windows 8 ta zo da sabon salon barci irin na wayar hannu, wanda a Windows 10 aka raɗa wa suna Modern Standby: an rufe murfi, amma na'ura ba ta yi barci mai nauyi ba, tana iya ci gaba da leƙa intanet. Injin da aka ƙera a kan wannan salo, Balanced kaɗai yake nunawa, saitin ciki ma da yawa a ɓoye. A Oktoban 2017 kuma sabuntawa mai lamba 1709 ta kawo maɓallin da ake ja a gefen alamar batiri, sauran tsare-tsaren suka ɓace daga laftof masu yawa. Jama'a suka ce bairos ne. Wasu abokan sana'a, Allah ya shirye mu, suka riƙa goge na'ura su sake loda Windows su karɓi kuɗi, alhali ba abin da ya lalace.

Maganin yana cikin powercfg, umarnin da ke nan tun zamanin XP. Kana buɗe baƙin allon umarni da ikon mai gudanarwa, ka fara da powercfg /a don ka san irin barcin da injin yake iyawa. Sannan powercfg -restoredefaultschemes ya dawo da tsare-tsaren asali, sai dai yana share duk wanda ka tsara da hannunka, don haka a tambayi mai kaya tukuna. Idan High performance ake nema, ana kwafo shi da -duplicatescheme da doguwar lambar nan mai farawa da 8c5e7fda, wadda yaran shago suke rubutawa a bangon littafin bashi. Saitin da aka ɓoye kuwa, a rajista ake mayar da Attributes ɗinsa zuwa 2.

Akwai wata dabara ta kashe sabon salon barcin, mayar da CsEnabled sifili a rajista, wadda ta daina aiki da sabuntawar Mayun 2020. PlatformAoAcOverride ya maye gurbinta, amma ni ba na saurin taɓa shi: in injin bai san tsohon barci ba, sai ka raba shi da barcin gaba ɗaya. Gara powercfg /h on, ka sa rufe murfi ya zama kwashe aiki zuwa faifai.

Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, shaguna da dama sun koma sola da inbata, kuma nan wani sabon aiki ya ɓullo. Laftof ba ta bambance soket ɗin inbata da na wutar gwamnati. Tana jin caja sai ta saki jiki ta sha yadda take so, alhali batirin shago take zuƙa. Yanzu layin "a jone" muke saitawa tamkar layin "a batiri". Samarin da ke zuwa da bidiyo a waya suna neman a buɗe musu Ultimate Performance, wanda aka yi a 2018 don manyan injinan aiki, sai in tambaye su faifan sola nawa ne a rufin gidansu.