Daga Bariki zuwa Otal: Tarihin Masaukin Gwamnati a Tamale

Tun kafin a san wani abu wai shi otal a arewacin Gana, saukar baƙo sana'a ce mai ƙa'idojinta. Fataken da ke fitowa daga Kano da Katsina zuwa Gwanja neman goro, in sun iso Salaga, akwai maigidan da ke jiransu. Shi zai ba su ɗaki, ya sa a dafa musu, ya nema wa jakuna wurin ɗauri, ya tsaya musu a ciniki, ya ɗauki la'adarsa. Wanda ya wulaƙanta baƙo, ayarin baɗi ba zai sauka ƙofarsa ba. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa wannan kasuwa, mutanenta suka bazu, zango-zango suka yi ta tsira a wasu garuruwan.

Da Turawan Ingila suka ɗauke hedikwatar Yankunan Arewa daga Gambaga zuwa Tamale a 1907, sai suka zo da nasu salon masaukin, wato bariki. Ɗakuna ne 'yan kaɗan da aka tanada domin jami'in da ke rangadi, ya iso da kukunsa da boyinsa da gadon zangonsa. Ba a gina shi don ɗan ƙasa ba, balle mai yawon buɗe ido. Amma a nan ne samarin Dagomba da na zango suka fara koyon girkin Bature da guga da shimfiɗa tebur. Daga baya aka ƙara wa wasu barikokin kicin da ma'aikatan dindindin, suka zama abin da ake kira Catering Rest House, sunan da har yau tsofaffin Tamale suke kwatance da shi.

Samun 'yancin kai ne ya mai da harkar otal aikin gwamnati gadan-gadan. An gina otal ɗin Ambassador a Akra domin baƙin bikin 6 ga Maris 1957, kuma Kwame Nkrumah, wanda ya ɗauki Akra a matsayin zauren taron Afirka, ya ga cewa ba zai yi ta gayyato shugabanni ba tare da wurin kwantar da su ba. 'Yan kasuwar cikin gida ba su da jarin irin wannan gini. Saboda haka a shekarun 1960 gwamnati ta tattara harkar a hannun kamfaninta, wanda aka sani da State Hotels Corporation. A ƙarƙashinsa akwai Ambassador da Continental da Star a Akra, da Meridian a Tema, da Atlantic a Takoradi, da City Hotel a Kumasi, sannan gidajen saukar baƙi na manyan biranen yankuna.

Duba wannan jerin da kyau. Manyan duk a kudu suke. Tamale, mai nisan kilomita kusan 600 daga Akra, rabonta gidan saukar baƙi ne. Ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san yadda aka bar arewa a baya tun zamanin Turawa, ana kallonta a matsayin rumbun leburori da sojoji. Duk da haka, ƙaramin rabon ya yi aiki, kuma a nan ne nake ganin masu ba da labarin otal-otal ɗin gwamnati suke yawan yin tuya su manta da albasa.

Abin da aka fi tunawa shi ne asara, kuma asarar gaskiya ce. Abin da ba a cika faɗi ba shi ne, kamfanin makaranta ne, ko da yake ba shi da allo. Yaro zai shiga yana wanke tukwane, ya koma yankan albasa, ya daɗe a gefen babban kuku kafin a yarda ya riƙe cokali. Mai kai abinci yakan koyi ta wane gefe ake ajiye faranti, mai gyaran ɗaki ya koyi naɗe zanin gado ta yadda ba zai kwance ba, mai karɓar baƙi ya koyi rubuta rajista da haƙuri da mutumin da ya iso tsakar dare a gajiye. Da yake uwa ɗaya ce ta haifi gidajen, ƙa'ida ɗaya ake bi. Akwai matakan girma, akwai fansho, akwai begen cewa mai share tsakar gida zai iya zama shugaban sashe. Sana'ar da a da ake yi wa kallon aikin boyi, sai ga ta da inifam da albashi. A garin da babu wani babban otal, gidan gwamnati ne ma'aunin da ake gwada sauran masaukai da shi.

A 1973 gwamnatin soja ta Acheampong ta kafa hukumar kula da yawon buɗe ido, wadda ta riƙe aikin ba da lasisi da duba masaukai. Sai dai a nan akwai ɗan abin dariya: gwamnati ce mai otal, ita ce kuma mai duba otal. Wa zai rufe gidan maigidansa?

Lalacewar ta zo da sauri. Tattalin arzikin Gana ya durƙushe a ƙarshen shekarun 1970, kuɗin waje ya yi wuya, injin da ya lalace ba a samun kayan gyaransa. Ma'aikatu su sauke baƙinsu, su ci su sha, a rubuta bashi, bashin kuwa ya zama na mantuwa. Da shugaba Jerry Rawlings ya rungumi shirin farfaɗo da tattalin arziki a 1983 tare da Bankin Duniya da Asusun Lamuni, makomar kamfanonin gwamnati ta bayyana. A 1988 aka kafa kwamitin sayar da su. Continental ya koma Golden Tulip, City Hotel na Kumasi ma daga baya ya ɗauki wannan suna, Meridian ya zama kango a Tema, Ambassador kuma aka rushe shi, Mövenpick ya tashi a filinsa a 2011. Mutanen arewacin Najeriya ba za su ji labarin baƙo ba, don sun ga abin da ya sami Durbar na Kaduna da Daula na Kano.

Gine-gine sun sami masu saye, amma babu wanda ya sayi aikin horarwar. Gwamnati ta lura da giɓin, shi ya sa a 1991 aka buɗe cibiyar HOTCATT da tallafin hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya domin horar da ma'aikatan otal da girki. A Akra aka kafa ta. A Tamale kuwa nauyin ya faɗa kan kwalejin kimiyya da fasaha ta garin, wadda yanzu ta zama jami'ar fasaha, inda ake karantar da harkar otal da girki. Aji yana da amfaninsa, amma ba a koyon tuƙa tuwon mutum ɗari biyu a kan takarda. Ɗalibi na bukatar kicin mai aiki da tsohon hannu a kansa.

Ga shi kuma baƙi sai ƙaruwa suke. Ƙungiyoyin agaji sun cika garin. A 2008 Tamale ta karɓi wasannin cin kofin Afirka, inda Tunisiya da Angola da Senegal da Afirka ta Kudu suka kara a sabon filin wasanta. Tun 2016 alhazan arewa ke tashi zuwa Saudiyya kai tsaye daga filin jirgin garin. Mai zuwa ganin giwaye a gandun dajin Mole ko tsohon masallacin Larabanga, galibi ta nan yake bi. Masaukai masu zaman kansu sun yawaita, wasu gwanin sha'awa, amma mai ƙaramin otal ba ya son kashe kuɗi ya horar da yarinyar da maƙwabcinsa zai ɗauke gobe da ƙarin albashi kaɗan. Fara'a dai ba a koya wa mutumin Tamale ita, "amaraaba" na bakinsa tun yana yaro. Tsaftar kicin da adana nama da lissafin ɗakuna su ne ke bukatar malami.

A 2024, da asusun fanshon ma'aikata na SSNIT ya so sayar da kashi 60 cikin ɗari na hannun jarinsa a otal huɗu, ciki har da Labadi Beach, ga kamfanin wani minista mai ci a lokacin, ƙungiyoyin ƙwadago suka tayar da ƙayar baya har aka janye cinikin. Duka huɗun a kudu suke, kuma rigimar ta tsaya ne a kan wa zai mallaka.

Ni ban ce gwamnati ta koma sayar da ɗakin kwana ba, an gwada an gani. Amma dokar yawon buɗe ido ta 2011 ta ɗora harajin kashi 1 cikin ɗari a kan abin da baƙo ya biya, kuma otal-otal ɗin Tamale suna karɓa suna miƙawa. Wakilan arewa a majalisa su nemi a ware wani abu daga wannan kuɗi a gina otal ɗin koyarwa a Tamale, a damƙa shi ga jami'ar fasaha, a kuma nemo tsofaffin kukun gidan saukar baƙi da suka rage su tsaya a kan yaran tun da sauran ƙarfinsu.