Baƙar Gangar da ke Bayan Masta

Ina yaron gareji a Kaduna, aikina na farko shi ne zama a kujerar direba in yi ta taka birki yayin da maigidana ke fitar da iska daga layin mai. Wata rana, a kan wata Peugeot 504, ya ce in taka har sai ya ƙi tafiya, in riƙe, sannan in tayar da injin. Injin na tashi sai na ji birkin ya nutse kaɗan a ƙarƙashin ƙafata, kamar wani ya kama mini. Na ce, "Maigida, wa ya ja?" Ya nuna mini wata baƙar ganga da ke manne bayan masta, wato famfon da ke tura man birki, ya ce, "Busta ke nan. Ita ce ke taka maka."

Kafin a samu wannan ganga, ƙarfin cinya ne ke tsayar da mota. Sanduna da wayoyin ƙarfe ke kai takun direba zuwa ƙafafun mota. Malcolm Loughead a Amurka ya kawo birki mai aiki da mai, kamfanin Duesenberg ya sa shi a motarsa a 1921, amma Ford bai yarda da shi ba sai 1939. Man ya raba ƙarfi daidai, sai dai motoci na ta ƙara nauyi da gudu, ƙafar mutum kuwa tana nan yadda Allah ya yi ta.

Wanda nake jinjina wa a wannan tarihi shi ne Albert Dewandre, injiniya daga Liège ta ƙasar Beljiyam. Ya lura cewa injin fetur, musamman idan an ɗaga ƙafa daga totur, yana zuƙar iska da ƙarfi, kuma ba a cin moriyar zuƙar nan wajen birki. Lokacin ɗaga ƙafa kuwa shi ne daidai lokacin da ake neman birki. A 1927 Bosch na Jamus ya fara sayar da na'urarsa. A Amurka ma Caleb Bragg da Victor Kliesrath sun yi tasu, aka sa ta a motar Pierce-Arrow a 1928.

Na sha buɗe gangar nan. Faifan roba ne ya raba cikinta ɗaki biyu, sai tiyo da ya taho daga injin yana zuƙe iskar duka biyun. Da ka taka birki, sanda ta toshe hanyar da ke tsakaninsu, ta buɗe wa iskar waje ƙofa zuwa ɗakin baya. Iskar da muke shaƙa tana da nauyi, kusan kilo 1 a kan kowane murabba'in santimita, ita ce ke danna robar ta tura masta. Har gobe wannan hikima tana burge ni.

Busta ta zama dole ne bayan yaɗuwar birkin faifai, wanda Jaguar ta ci tseren Le Mans da shi a 1953, domin ya fi birkin ganga buƙatar matsi. Injin gas ba ya zuƙa haka, shi ya sa ake sa masa famfo na daban.

Abin da ke tayar mini da hankali shi ne direbobin da ke kashe injin a gangara wai don tattalin mai. Injin na mutuwa, abin da ya rage a gangar bai wuce taku biyu ko uku ba, daga nan birki ya koma kamar dutse, ga fasinjoji cike da mota. 'Yan'uwana direbobi, don Allah ku bar injin a kunne har sai motar ta tsaya.