Zanen Fenti a Holan da Filandas a Ƙarni na 17

Zanen fenti na Holan da Filandas a ƙarni na 17 ya samo siffarsa daga rabuwar da yaƙin neman 'yanci daga Sifaniya ya haifar, wadda yarjejeniyar Munster ta 1648 ta tabbatar. Kudanci, wato Filandas, ya zauna ƙarƙashin Sifaniya da ɗariƙar Katolika, saboda haka majami'u da fadodi suka riƙa ba Peter Paul Rubens (1577-1640) na Antwerp aikin manyan zane-zanen addini, mataimakinsa Anthony van Dyck kuma ya zama mai zanen fadar Sarki Charles I na Ingila a 1632.

A arewa kuwa, wato Holan, inda mabiya Calvin suka kawar da hotuna daga majami'u, 'yan kasuwa ne suka zama masu saye, kuma rayuwar yau da kullum suke son gani a bango, kamar 'yar aikin da Johannes Vermeer na Delft ya zana tana tsiyaya madara kusa da taga, aikin da ya shahara wajen sarrafa haske. Ƙungiyoyin gari ma sun ba da aiki, kamar dakarun sa-kai na Amsterdam da Rembrandt ya zana a 1642.